Zari-ruga: Ina Iyakar Damar Ƙananan Ƙasashe a Gasar Kofin Duniya?

Duk bayan shekara huɗu, idan Gasar Kofin Duniya ta zari-ruga ta zagayo, akan ji maganganu biyu masu karo da juna. Ranar da wata ƙasa da ba a sa ta a lissafi ba ta kayar da babba, sai a ce zamani ya canza, ƙanana sun kamo manya. Bayan kwana biyu, idan aka lallasa wata da maki tamanin ko casa'in, sai a dawo ana cewa gayyatar irin waɗannan ƙasashe ɓata lokaci ne. A gasar 2023 da aka yi a Faransa an ga duka biyun. Fiji ta doke Ostiraliya da ci 22 da 15, Fotugal ta doke Fiji 24 da 23, amma kuma Faransa ta yi wa Namibiya 96 da nema, Scotland ta yi wa Romaniya 84 da nema.

Tushen ruɗanin shi ne ana cakuɗa tambayoyi uku a mayar da su ɗaya. Shin ƙaramar ƙasa za ta iya cin babba a wasa guda? Shin za ta iya fita daga rukuninta ta shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale? Shin za ta iya ɗaukar kofin kansa? Kowace tambaya da amsarta, kuma abin da ke yanke amsoshin ya fi faruwa a shekaru huɗun da ke tsakanin gasa da gasa, ba a makonnin gasar ba.

Ma'anar kalmomi

Zari-ruga wasa ne da ake yi da ƙwallo mai siffar ƙwai, ana ɗaukarsa a hannu a ruga da shi, ana kuma iya bugunsa da ƙafa, amma ba a jefa wa abokin wasa shi ta gaba sai ta baya ko ta gefe. Iri-iri ne. Akwai na 'yan wasa 15 a kowane ɓangare, wanda ake kira yuniyon, shi ne batun wannan sharhi. Akwai na 'yan wasa 13 mai dokokinsa da hukumarsa daban, sannan akwai na 'yan bakwai-bakwai da ake bugawa a wasannin Olamfik. Wasan 'yan 15 minti 80 ne, hukumar da ke kula da shi a duniya kuwa ita ce World Rugby, mai hedikwata a Dublin.

Ana samun maki ta hanya huɗu. Wanda ya dangwalar da ƙwallo a ƙasa bayan layin ƙarshe na abokan hamayya ya ci maki biyar, wannan shi ake kira tirai. Bugun da ke biyo bayansa, idan ya ratsa tsakanin turakun raga, maki biyu ne. Bugun da ake bayarwa saboda laifin abokan hamayya maki uku ne, haka ma bugun da ɗan wasa ya yi wa raga ana cikin wasa. Akwai kuma sikiram, wato turereniyar da mutum takwas-takwas ke yi, sun sunkuya sun haɗa kafaɗu, don a ga wanda zai mallaki ƙwallo.

Ƙaramar ƙasa a nan ba ana nufin ƙarancin jama'a ko talauci ba. Amurka ƙaramar ƙasa ce a zari-ruga, New Zealand mai mutum kusan miliyan biyar kuwa tana sahun gaba. An daɗe ana raba ƙasashen aji biyu. Ajin farko ƙasashe goma ne: shida na Turai masu buga Gasar Ƙasashe Shida kowace shekara, wato Ingila, Faransa, Ireland, Scotland, Wales da Italiya, sai huɗu na kudancin duniya, wato New Zealand, Afirka ta Kudu, Ostiraliya da Ajantina. Aji na biyu ya ƙunshi irin su Fiji, Samowa, Tonga, Jojiya, Fotugal, Romaniya, Uruguay, Amurka, Kanada da Namibiya. Japan ta daɗe a wannan aji, yanzu kuma ana jera ta da manya a harkokin hukuma.

Abin da tarihin gasar ya nuna

An fara gasar a 1987, kuma zuwa 2023 an buga sau goma. Ƙasashe huɗu ne kawai suka taɓa ɗaukar kofin: Afirka ta Kudu sau huɗu, New Zealand sau uku, Ostiraliya sau biyu, Ingila sau ɗaya a 2003. Idan aka ƙara Faransa, wadda ta je wasan ƙarshe sau uku ba ta yi nasara ba, an gama lissafin duk ƙasashen da suka taɓa buga wasan ƙarshe. Zagayen kusa da na ƙarshe kuwa ƙasashe takwas ne suka taɓa taka shi, da ƙarin Wales, Scotland da Ajantina. Ko Ireland, wadda ta shiga gasar 2023 tana ta ɗaya a jadawalin duniya, ba ta taɓa wuce zagayen kwata-fainal ba, wato zagayen ƙasashe takwas na ƙarshe.

A gasa goma an cike gurbi 80 a wannan zagaye. Bakwai ne kacal suka faɗa hannun ƙasashen da ba na ajin farko ba: Fiji a 1987, 2007 da 2023, Samowa a 1991 da 1995, Kanada a 1991, sai Japan a 2019. Dukkansu a nan tafiyarsu ta tsaya.

Cin wasa guda kuwa ya sha faruwa. Samowa ta doke Wales a Cardiff a 1991, ta kuma maimaita a 1999. Fiji ta fitar da Wales a 2007 da ci 38 da 34. Tonga ta doke Faransa 19 da 14 a 2011, duk da haka Faransar ce ta kai wasan ƙarshe, Tonga ta koma gida tun daga rukuni. Wanda ya fi girgiza duniya shi ne na Brighton a 2015. Japan, wadda kafin ranar wasa ɗaya tak ta taɓa ci a tarihin gasar, kuma New Zealand ta taɓa yi mata 145 da 17 a 1995, tana bayan Afirka ta Kudu da maki uku ana dab da tashi. Ta samu bugun da zai ba ta kunnen doki, amma kyaftin Michael Leitch ya zaɓi turereniya, Karne Hesketh ya ci tirai, aka tashi 34 da 32. Bayan kwana huɗu Scotland ta doke ta 45 da 10. Japan ta ci wasa uku cikin huɗu a rukuninta, amma ba ta fita ba.

Ke nan amsar tambaya ta farko e ce. Ta biyu, yana yiwuwa amma jefi-jefi. Ta uku kuwa ba a taɓa ko kusantarta ba.

Me ya sa ba-zata ta fi wuya a nan fiye da ƙwallon ƙafa?

Mai bin ƙwallon ƙafa ya san Kamaru ta doke Ajantina a 1990, Senegal ta doke Faransa a 2002, Maroko ta kai zagayen kusa da na ƙarshe a 2022. A ƙwallon ƙafa ƙungiya mai rauni na iya tare gida, ta saci ƙwallo ɗaya, ta riƙe shi har a tashi. Ƙirar zari-ruga ba ta ba da wannan dama sosai.

Na farko, hanyoyin cin maki suna da yawa, don haka sa'a ɗaya ba ta isa. Wanda ya fi ƙarfi zai samu dama goma ko ashirin, ya rasa wasu ya ci wasu. Na biyu, tsaron gida a wannan wasa karo ne na jiki da jiki. Ƙungiyar da ta yi ta tare maharan da suka fi ta nauyi za ta gaji, mai gajiya kuma shi ke yin laifi, kowane laifi kuwa maki uku ne ko asarar fili. Na uku, turereniya ba ta ɓoye rauni. Idan mutum takwas ɗinka ba za su iya tsayawa ba, alƙalin wasa zai yi ta hukunta ka har a tashi.

Sai batun benci. Kowace ƙungiya na da 'yan canji takwas. Afirka ta Kudu ta shahara da cika bencinta da ƙartin gaba, har ta sa bakwai cikin takwas a wasan ƙarshe na 2023. Ƙaramar ƙasa na iya samun gwanaye 15 da za su yi kafaɗa da kafaɗa da kowa na minti 50 ko 60, amma da wuya ta samu 23 masu wannan daraja, balle 33 da ake tafiya da su gasa. Shi ya sa wasanni da dama ke tafiya kankankan har tsakiya, sannan su wargaje a minti ashirin na ƙarshe. Mai son kofi kuwa wasa bakwai ke gabansa, ukun ƙarshe da manyan manya, mako bayan mako, ga raunuka na taruwa.

Abin da ke faruwa tsakanin gasa da gasa

Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Babban bambancin da ke tsakanin ajin biyu yana cikin jadawalin shekara. Ingila ko Faransa na buga wasa biyar na Gasar Ƙasashe Shida kowace shekara, sannan su kara da manyan kudu a watannin Yuli da Nuwamba. Jojiya ko Samowa na iya shafe shekara guda ba ta samu babban abokin karawa fiye da ɗaya ko biyu ba. Ɗan wasan da bai saba da saurin wasan manya ba sai a ranar gasar duniya, a filin zai fara koyo.

Kuɗi ma na bin wannan jadawali. A al'adar wasannin ƙasa da ƙasa, mai masaukin baƙi ne ke riƙe kuɗin ƙofa. Idan Fiji ta cika filin Twickenham a Landan, ribar ta hukumar Ingila ce. Manyan kuma ba su cika zuwa tsibiran Pasifik ba, domin filayen can ƙanana ne, kuɗin talabijin ba yawa. New Zealand, duk da ɗimbin 'yan wasanta masu asali da Samowa, ba ta taɓa buga wasa a Apia ba sai a 2015. Gasar Ƙasashe Shida kuwa kamfani ce mallakar hukumomin ƙasashen shida, kuma a 2021 kamfanin zuba jari na CVC ya sayi kashi ɗaya cikin bakwai na harkar kasuwancinta. Babu faɗuwa daga gasar, babu kuma hawa cikinta.

Tun da aka halatta biyan 'yan wasa albashi a 1995, gwanayen ƙananan ƙasashe suka bazu kulob-kulob na Faransa, Ingila, Japan da New Zealand. Can ne abincinsu yake. Dokar hukuma ta wajabta wa kulob sakin ɗan wasa a lokutan wasannin ƙasa, amma kocin Tonga ko Samowa yakan tara mutanensa daga nahiyoyi uku ya yi atisayen 'yan kwanaki, yayin da hukumomin Ireland da New Zealand ke riƙe da kwantiragin manyan 'yan wasansu, suna tsara musu hutu da horo duk shekara. Wasu matasan kuma sukan zaɓi buga wa ƙasar da suka zauna ko suka tashi a cikinta.

Akwai kuma siyasar hukuma. Shekara da shekaru manyan ƙasashe na da ƙuri'a uku-uku a majalisar World Rugby, irin su Fiji, Samowa da Jojiya kuwa ɗaya-ɗaya. A zaɓen shugaban hukumar na 2020, Agustín Pichot na Ajantina, wanda ya yi kamfe da alkawarin buɗe wa ƙanana ƙofa, ya sha kaye a hannun Bill Beaumont na Ingila da ƙuri'a 28 da 23.

Waɗanda suka haura, da yadda suka yi

Ƙasashe uku sun nuna cewa giɓin ba ƙaddara ba ce. Ajantina ta zo ta uku a 2007 bayan ta doke Faransa mai masaukin baƙi har sau biyu, alhali a lokacin ba ta cikin kowace babbar gasa ta shekara-shekara. Wannan ya tilasta aka shigar da ita gasar manyan kudu a 2012. Daga nan ta sake kai zagayen kusa da na ƙarshe a 2015 da 2023, ta kuma doke New Zealand karon farko a 2020.

Japan tana da kuɗi da gasar cikin gida da manyan kamfanoni ke ɗaukar nauyi. Kafin 2015 koci Eddie Jones ya tsare 'yan wasansa a sansani na watanni. Daga 2016 kuma ta samu ƙungiyar Sunwolves a gasar kulob-kulob ta Super Rugby. A 2019, a gida, ta doke Ireland 19 da 12, ta doke Scotland 28 da 21, ta jagoranci rukuninta. An cire Sunwolves daga gasar a 2020, kuma a 2023 Japan ba ta fita daga rukuni ba.

Fiji ba ta taɓa rasa gwanaye ba, shaida ita ce zinaren Olamfik biyu da ta ci a wasan 'yan bakwai, a Rio da Tokyo. Abin da ta rasa shi ne ƙungiyar ƙwararru a gida. A 2022 aka shigar da Fijian Drua gasar Super Rugby. Shekara ɗaya bayan nan Fiji ta doke Ingila a Twickenham 30 da 22, ta doke Ostiraliya karon farko tun 1954, sannan Ingila ta sha da ƙyar a hannunta a kwata-fainal da ci 30 da 24.

Abin da ya haɗa ukun shi ne karawa da manya a kai a kai, da kuma zama tare na dogon lokaci.

Ra'ayoyi mabambanta

Masu neman a buɗe ƙofa sun fi kafa hujja da Jojiya. Ta mamaye gasar aji na biyu ta Turai tsawon shekaru, kuma a 2022 ta doke Italiya a Batumi, ta je Cardiff ta doke Wales 13 da 12. Wales ta ƙare a ƙasan Gasar Ƙasashe Shida a 2024 da 2025 ba ta ci wasa ko ɗaya ba, amma gurbinta bai girgiza ba. A ganinsu, aƙalla a shirya wasan raba-gardama tsakanin ta ƙarshe a sama da ta farko a ƙasa.

Masu kare tsarin da ake kai suna cewa Gasar Ƙasashe Shida ce ke ciyar da wasan a ƙasashen shida tun daga makarantu har kulob na ƙauye, kuma faɗuwar Wales ko Scotland ko da na shekara ɗaya ne na iya durƙusar da hukumarta ba tare da ta gina Jojiya ba. Suna kuma nuni da Italiya. Tun 2000 take cikin gasar, amma ta yi rashin nasara sau 36 a jere tsakanin 2015 da 2022, ba ta taɓa kai kwata-fainal a gasar duniya ba, kuma New Zealand ta yi mata 96 da 17 a 2023. Jojiyar ma ba ta ci wasa ko ɗaya a gasar 2023 ba. Ɗaya ɓangaren kan amsa da cewa Italiya ta fara farfaɗowa, domin a 2024 ta yi kunnen doki da Faransa, ta doke Scotland da Wales, bayan da ta zuba jari a horon matasa. Darasin Italiya shi ne samun gurbi wajibi ne, amma shi kaɗai bai wadatar ba.

Ra'ayi na uku ya ce a fara daga tushe, wato ƙungiyar ƙwararru a gida. Uruguay, wadda ta doke Fiji 30 da 27 a 2019, da Chile, wadda ta fara zuwa gasar a 2023, duk sun tara yawancin 'yan wasansu a kulob guda da ke buga gasar yankin Kudancin Amurka. Wannan hanya ba ta kai kowa ga kofi ba, amma ta mayar da 'yan sha'awa ƙwararru.

Matsayin Afirka

Nahiyar da ke riƙe da kofin ita ce kuma ta fi nuna faɗin giɓin. Bayan Afirka ta Kudu, ƙasashe uku ne suka taɓa zuwa gasar zuwa 2023: Zimbabuwe a 1987 da 1991, Kwaddebuwa a 1995, sai Namibiya daga 1999, kuma babu wadda ta ci wasa ko ɗaya a cikinsu. Ostiraliya ta yi wa Namibiya 142 da nema a 2003. A 2025 Zimbabuwe ta doke Namibiya a Kampala ta karɓi gurbin nahiyar a gasar 2027. Matsalar ba rashin gwanaye ba ce. Kenya ta ɗauki kofin Singafo a wasan 'yan bakwai a 2016, kuma Maro Itoje, wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne, ya zama kyaftin ɗin Ingila a 2025. Abin da babu shi ne gasar cikin gida mai biyan albashi, da filaye, da kuɗin tafiye-tafiye.

Sauye-sauyen da aka yi da abin da za su haifar

Daga 2022 ɗan wasan da ya taɓa buga wa wata ƙasa na iya komawa ƙasar da aka haife shi, ko iyayensa, ko kakanninsa, idan ya yi shekara uku bai buga wasan ƙasa ba. Ta haka Charles Piutau, tsohon ɗan wasan New Zealand, ya buga wa Tonga a 2023. Dokar ta ƙara wa tsibiran ƙarfi, amma Tonga da Samowa ba su fita daga rukuni ba, domin fitattun sunaye ba sa maye gurbin atisaye tare. An kuma gyara jadawali a 2023 ta yadda kowace ƙasa ke samun hutun aƙalla kwana biyar tsakanin wasa da wasa.

Gasar 2027 a Ostiraliya za ta ƙunshi ƙasashe 24 maimakon 20, a rukuni shida, da sabon zagayen 'yan 16. Biyu na farko a kowane rukuni da huɗu mafiya ƙwazo cikin na uku za su wuce. Wannan zai sa ƙasashe kamar Jojiya ko Fotugal su ɗanɗana zagayen sili-ɗaya-ƙwale, wataƙila karon farko. Sai dai kada a ɗauki wannan a matsayin shaidar rufewar giɓi, domin ƙofa aka faɗaɗa, kuma ƙarin ƙasashe huɗu na iya ƙara yawan wasannin da ake tashi da tazarar maki sittin.

Sauyin da ya fi nauyi shi ne sabuwar gasar ƙasashe 12 da aka tsara farawa a 2026, wadda ta haɗa manyan goma da Japan da Fiji, tare da aji na biyu mai ƙasashe 12 a ƙarƙashinta. Ga Fiji da Japan wannan shi ne abin da suka daɗe suna nema. Ga Jojiya, Samowa, Fotugal da sauransu kuwa akwai fargabar cewa watannin Yuli da Nuwamba, waɗanda a da suke samun babban abokin karawa a cikinsu, sun cika, tunda ba za a fara hawa da sauka tsakanin ajin biyu ba kafin 2030.

Idan aka auna duk wannan, hasashe mafi kusa da gaskiya shi ne za a ci gaba da ganin ba-zata ɗaya ko biyu a kowace gasa, Fiji ko Japan na iya zama ta farko daga wajen tsofaffin manya da za ta kai zagayen kusa da na ƙarshe, kofin kuwa zai daɗe yana yawo a tsakanin ƙasashe biyar ko shida. Mai son sanin ko lamarin na canzawa da gaske sai ya duba abu uku: wasa nawa ƙananan ke samu da manya a shekara, nawa daga ciki ake bugawa a gidansu, da kuma ko za a cika alkawarin hawa da sauka idan 2030 ta zo.